Sauran Irin Tazargaden da Ke Cikin Kwalba

Tukura, Njamena

Zuwa ga Abba, yayan Zulai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na abokan hanya, ya kai ka Bongor lafiya ranar Alhamis kamar yadda na ji kun shirya. A bakin ƙanwarka Zulai na ji, ba a bakinka ba.

To, gaisuwa ta ƙare, na sauke nauyinta. Gyara zama, don raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ka san abin da ka yi. Ni da Zulai mun haye gadar Ngeli zuwa Kusiri ta'aziyyar mijin Gwaggo Ladi. Na bar maka saƙo cewa ka yanke tazargaden da ya isa yanka ka kai wa maigidanka Alhaji Mamuda a Kelemat, tunda yana gaggawar cika buhunansa. Da na dawo na tura ƙofar lambu, sai na tarar da shi fayau kamar an yi wa jariri askin suna. Har layin bakin rijiya ba ka bari ba. Dogayen nan da na ɗaure wa jan ƙyalle, waɗanda suka fara fure, duk ka bi su da lauje. Ƙyallayen a ƙasa na tsince su, an tattake su cikin laka.

Waɗannan su ne uwayen iri, Abba. Su nake bari su tsufa su ba ni abin da zan shuka baɗi. Na zauna a bakin rijiya ina salati. Zulai ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ƙila bai sani ba." Na ce, "Bai sani ba? A gaban lambun nan ya yi gemu!" Kai kuma tun ranar ka ɗauke ƙafa daga gidan nan, kana kwana a shagon Alhaji kamar wanda ba shi da uwa a gari.

Ga inda maganar take. Irin bana ya tafi cikin buhunan Alhaji, za a jiƙa shi a sha. Abin da ya rage mini a duniya shi ne ɗan ragowar bara da ke gindin kwalbar turare a ƙasan akwatina. Tsohon iri ba duka yake tsira ba. In aka raba shi biyu, babu wanda zai samu isassun tsirrai da zai zaɓi uwa a cikinsu, ni da kai duka mun tashi a tutar babu. Lambu ɗaya zai ɗauka: ko nawa na nan bayan gida, ko sabuwar gonar da za ka je ka kafa wa Alhaji a bakin kogin Logon.

Shi kuma Alhajin naka, saboda ƙarfin hali, shekaranjiya ya zo har ƙofar gida da ƙullin goro yana neman kwalbar. Na faɗa masa ɓarnar da aka yi mini ta bayan labule, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Hajiya, ai iri ba abin tayar da hankali ba ne. In naki ya ƙare sai mu yi oda daga Kano, ko daga Chana ma, sati biyu ya iso." Na ce, "Alhaji, ni ban je Makka ba tukuna, Gambo sunana. Irin da ya san zafin garin nan kuma ba a yin odarsa. Kalas, magana ta ƙare, a gai da gida." Goron ma na ce Zulai ta mayar masa.

Mutumin da bara waccan ya shigo garin nan da katan-katan na sabulu, shi ne zai gaya mini iri ba komai ba ne! Ban ga laifinsa sosai ba, ɗan kasuwa ne, abin da ya shiga buhu shi ya sani. Kai ne abin haushin. Bari in gaya maka yadda aka yi abin cikin kwalbar nan ya zama abin da ya zama, da irin wautar da na tafka kafin in kai nan, ko ka samu abin riƙewa.

Lokacin da mahaifinku ya rasu ya bar ni da ku biyu, duk tazargaden da ke kasuwannin garin nan daga nesa ake kawo shi. Ya sha hanya, ya sha rana, rabinsa itace ne. Wata 'yar kudu da muke ɗibar ruwa tare a bakin kogi, Maman Rozin, ita ta ba ni iri a ƙullin takarda, ta ce wannan na lambu ne, masu zazzaɓi suna nemansa ruwa a jallo. Shekarar farko ya yi kyau har maƙwabta suna leƙe ta kan zana. Sai wayo ya kama ni. Na yanke manyan na sayar, na bar ƙananan da suka yi saurin fure su zama iri, wai ni na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Shekarar da ta biyo, lambun gaba ɗaya ya gaji iyayensa. Bai kai gwiwa ba ya hau fure, ganyen gindi guda bai cika tafin hannu ba. Maman Rozin ta zo ta riƙe haɓa, ta ce da ni cikin Larabcin nan namu na kasuwa, "Ke Gambo, a garinku akuyar da ta fi ramewa ake bari ta haihu?"

Daga ranar na yaga tsohon jan zanena. Kowace shekara nakan bi lambu gindi bayan gindi, in nemi wanda ya fi tsayi, ya fi duhun ganye, ya jure rana, ya ƙi yin fure sai da 'yan uwansa suka gama. Shi nake ɗaure wa ƙyalle, lauje ba ya taɓa shi ko da tukunyarmu a kife take. Sallar nan da ka yi da tsohuwar riga kana ta kumbure-kumbure, kuɗin sabuwar yana nan tsaye a lambu da jan ƙyalle a wuya. Haka na yi ta tacewa tun kana makarantar allo har ka mallaki babur, shi ya sa nawa yake fin tsayina alhali na mutane yana tsayawa a ƙugu. Don haka duk abin da ka shuka a Bongor, ko tazargade ko filasko ko ɗoɗɗoya, mafi kyawun gindi shi ne ba na sayarwa ba. Ranar da Alhaji zai bugo waya ya ce saura buhu ɗaya mota ta cika, ka bar motar ta tafi da giɓi. Mota za ta dawo wani satin, uwar iri kuwa sai wata shekarar, in an yi sa'a.

Wauta ta biyu ita ce ta fili. Ka san mu kakanninmu a kan hanyar Makka suka yada zango a garin nan, guzuri ya ƙare, suka zauna. Manyanmu sun mutu suna cewa mu matafiya ne, matafiyi ba ya sayen ƙasa. Na ɗauki zancen nan na rungume. Lambuna na farko aro aka ba ni a bakin kogi, ƙasa ce fako wadda ko ƙaya ba ta so. Na yi ta jidar takin akuya a kaina har ta yi baƙi ta yi laushi. Da ta yi kyau sai mai wurin ya zo da 'ya'yansa, ya tsaya yana murmushi ya ce, "Shukuran, ya Hausa, Allah ya biya ki. Bana albasa zan sa." Na ce, "To takina fa?" Ya ce, "Kwashe abinki mana." Ga shi babu shaida ko ɗaya da ya ji abin da muka yi da shi tun farko. Haka na tumɓuke 'yan tsirraina na zuba a kwando na taho Tukura, lokacin nan duk daji ne, na sayar da 'yan kunnena da gadon aurena na sayi wannan wurin. Waɗanda suka ce matafiyi ba ya sayen ƙasa, ban ga ko ɗaya ya zo ya taya ni ɗaukar kwando ba.

Yanzu kai fa? Gonar Bongor ta wa ce? Alhaji ya saya ne, ko haya ce, ko aro? In ta yi albarka mene ne naka a ciki? Na tambayi Zulai, ta ce ka ce Alhaji mutumin kirki ne. Wancan ma mutumin kirki ne har ranar da ƙasa ta yi baƙi. Kafin ka zuba taki ko kwando ɗaya, ka sa a yi maganar a gaban mai unguwa da dattawan wurin, kowa ya ji da kunnensa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai shanya. Wannan da hannuna na ƙona wahalata. Wani mai saye ya matsa mini yana so ya haye gada kafin a rufe iyaka, na kwashi ɗanyen ganye na baza a kan kwanon ɗaki cikin tsakiyar rana don ya yi saurin bushewa. Ya bushe kam, amma ya koma ja kamar taba, ƙamshin duk ya gudu. Mutumin ya murza a hannu ya shinshina, ya ce ko jakinsa ba zai ba wa ba. A inuwa ake shanya, ƙarƙashin rumfa, inda iska ke ratsawa, a kan tabarma mai tsabta, a riƙa juyawa. Kada ya shiga buhu sai reshe ya karye ƙas a hannunka. Bongor ta fi nan laima, in ka ɗure shi da sauran danshi zai yi fumfuna tun kafin ya iso Njamena, kuma cikin ɗan Adam zai shiga.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini rai a shirin maigidanka. Na ji wai za a riƙa ƙulla ganyen a 'yan ledoji masu hoto, a rubuta cututtukan da yake warkarwa tun daga ciwon kai har zuwa ƙafa. Na taɓa faɗawa wannan ramin. Akwai wani mai amalanke da lasifika da yake sayen kayana da yawa, ina murna na samu babban ciniki, ban taɓa tambayarsa me yake yi da shi ba. Ashe dakawa yake ya haɗa da ganyen darbejiya da duk ciyawar da hannunsa ya kai, yana yawo unguwa-unguwa yana ihu, "Na Gambon Tukura ne! Ya fi allura, ya fi asibiti!" Wata rana wata mata ta yi sallama da yarinya a goye, jikinta kamar garwashi, wuya ya saki. Ta ce, "Ke ce Gambo? Maganinki nake ta ba ta, an ce kada in kai ta asibiti." Ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba, na tare kalando, babur ɗin haya irin wanda kake ja, muka yi asibiti da ita. Allah ya yi da sauran kwananta. Mai lasifika kuwa da ya dawo saye, da muciya na raka shi har bakin titi.

Ka riƙe wannan da kyau. Ganye ne muke nomawa, Allah ya sa masa amfani, amma ba mu ne likitoci ba. Mai ciki, da jariri, da wanda zazzaɓi ya kayar, ka tura su asibiti ko da za ka rasa cinikin. Kada ka haɗa shi da komai don ya yi auki. Kada ka bari a rubuta a jikin leda abin da ba za ka iya rantsuwa a kansa ba. In Alhaji ya nace, ka ce masa uwarka ta hana, ya zo ya same ni, ya san ƙofar.

Da a nan zan tsaya in sa hannu, in bar ka da kunyarka. Amma jiya da hantsi ina tsince ganye a rumfa ina ta faɗa ni kaɗai, ina cewa wane irin ɗa ne wannan da bai san jan ƙyalle ba, sai Zulai ta ajiye faifai ta dube ni. Yarinyar nan bakinta ba shi da linzami. Ta ce, "Inna, don Allah yaushe kika taɓa gaya masa?" Na ɗaga murya na ce, "Sai an gaya masa?" Ta ce, "Ni ai gaya mini kika yi. Kin kama hannuna kin nuna mini. Shi kuwa ko saƙon yankan ma cewa kika yi, ki ce wa yayanki ya yanke wanda ya isa. Haka na faɗa masa a waya. A idon wanda bai sani ba, wanne ya fi isa yanka in ba mafi tsayi ba?"

Na kore ta ta ba ni wuri. Amma na yi ta laluben ranar da na taɓa tsayawa da kai a lambun nan muka yi zance, ban samo ba.

Kai ɗan fari ne. Ana yaye ka Gwaggo Ladi, ƙanwar kakanka, ta ɗauke ka zuwa Kusiri, sai bayan rasuwar mahaifinku ka dawo hannuna. Ina tuna wata safiya kana yaro, na ba ka gwangwanin ban ruwa ka riƙe, ina nuna maka yadda ake zubawa a gefen fangali don kada ƙananan tsirrai su kwanta. Gwaggo ta shigo da wasu mata, ta tafa hannu ta ce, "Lale! Gambo, ashe ba ki da ta ido? Ɗan fari kike zuba zance da shi haka kamar ƙawarki? Mun bar gida, sai kuma mu bar al'ada?" Matan suka kwashe da dariya. Na karɓe gwangwanin daga hannunka na ce ka tafi wasa. Daga ranar na kulle bakina. Ba na kiran sunanka, ba na zama inda kake, magana sai ta bakin ƙanwarka. Aikinka a sana'ar nan ya zama ɗaure buhu a bayan babur ka kai Ngeli ko kasuwa. Ka san farashin kowane koro na awo, amma ba ka san abin da ya sa ake barin wani gindi a tsaye ba.

Abin da ke ƙona mini rai, matar Alhaji da ta zo daga Kano cewa ta yi a can ma an rage wannan kunyar, uwa tana hira da ɗan farinta ba wanda ya ce tak. Mu da muka baro gida tun zamanin kakanni mu ne muka ƙanƙame ta fiye da masu ita. Gwaggo ta samu yabon ta riƙe al'ada, matan nan sun samu abin dariyar yini ɗaya, ni kuma na biya da irin da na yi rabin rayuwata ina tacewa. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta taɓa ɗaga mini guga ba.

Kada ka ji haka ka saki jiki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma ɓeran dai ɓera ne. Kana da ido. Ka ga ƙyalle a ɗaure a jikin shuka, hankali bai ba ka cewa ba iska ce ta ɗaura shi ba? Wayar da kake latsawa dare da rana, ta gagare ka bugowa ka tambaya? Da ka gane ka yi ɓarna kuma, sai ka gudu ka ɓuya a bayan katan ɗin sabulu. Wannan ya fi yankan ciwo a wurina. A Bongor za ka yi kuskure, babu makawa, kowa ya taɓa lambu ya yi. In ka yi, ka tsaya a wurin ka faɗa da bakinka. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambayi mutanen wurin ko da za su yi maka dariya, sun riga ka sanin ƙasarsu.

Yanzu ga hukuncin da na yanke kan kwalba. Na juya maganar ta kowace fuska. Bayana ya fara ƙi, idona ba ya ganin ƙananan tsirrai sai na durƙusa. Gidaje sun kewaye mu, rijiyar kowace shekara ƙasa take yi. Zulai ta iya aikin, amma karatun jinya ne a ranta, ba zan ɗaure ta a bakin fangali ba. In na riƙe irin nan, ranar da aka ɗauke ni za a share shi tare da tarkacen akwati. Kai za ka tafi da shi, duka. Ni bana kuɓewa da yakuwa zan zuba a lambuna, masu zuwa neman tazargade in ba su haƙuri. Ka sani kuma, in ka yi sakaci ya mutu a hannunka, babu wata kwalbar a bayan wannan.

Amma ba zan ba Zulai ta kawo maka ba, ba kuma zan ba Alhaji ba ko da zai zo da goro huhu guda. Irin naka ne kai, ba na gonarsa ba, duk ranar da kuka rabu ka ɗauko abinka. Kai za ka zo da ƙafarka gobe Laraba da safe. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to mu dai jajibiri ya rage mana, da shi za mu yi. Irin nan ya fi garin gero laushi, in ka yi atishawa a kansa ka gama da shi. Da yashi ake cuɗa shi a barbaɗa a saman ƙasa mai laima, ba a binne shi, ba a kwara masa ruwa. Wannan ba ya koyuwa a takarda, kuma ba ya koyuwa ta bakin 'yar aike. Da yashi zalla za mu gwada har hannunka ya faɗa, don ba mu da ƙwayar da za mu yi wasa da ita.

Gwaggo Ladi tana takaba a Kusiri, amma na san labari zai haye gada ya same ta kafin azahar. Ya same ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zo ka durƙusa kusa da ni a bakin fangali, in kama hannunka in nuna maka. Rabona da riƙe hannun nan tun ranar da aka yaye ka, kuma jibi za ka tafi.

In ka ƙi zuwa, Allah ya kiyaye hanya, ba zan yi maka baki ba. Amma zan zauna a bakin rijiya tun fitowar rana.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Allah ya sa albarka a ƙasar da za ka taɓa da ruwan da za ka zuba mata, ya sa abin da za ka noma ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Ya dawo mini da kai lafiya ina da rai. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Gambo